Salgar Duna

Ku gyara zama ku ji abin da ya faru gidan Sodangi na Sabon Birni. Wanda ya san ba ya iya riƙe dariya ya matsa can baya, kada ya fesa wa mutane miyau.

Zamanin Turawa ne, shekara biyu bayan sojojin da suka je yaƙin Bama sun dawo gida. Sodangi bai je Bama ba. Iyakar yaƙinsa shi ne ya taɓa ɗauko wa wani Bature bahon wanka a ka daga Isa zuwa Sabon Birni, ya kuma mayar da shi, kwana goma sha tara ke nan har da zaman jira a bariki. Da za a sallame shi, kukun Baturen ya ba shi wani gajeren wandon kaki da ya riga ya mutu a gindi, da usur mai igiya. Tun daga ranar babu abin da Sodangi bai sani ba. In akuya ta kasa haihuwa, ya san yadda ake yi a bariki, ko da yake ba a taɓa kiwon akuya a bariki ba.

Gidan nan akwai mai hankali guda, matarsa Maijidda, akwai kuma kare guda, Duna. Duna na uban Maijidda ne, Kalilu maharbi. Da Kalilu zai rasu bai bar gona ba, bai bar saniya ba. Hannun ɗiyarsa ya kama ya ce, "Ga Duna nan, kada ki bari shi wulaƙanta." To yanzu Duna ya shekara goma sha uku. Baki ya yi fari, haƙora saura huɗu, kunne ya toshe, ƙafafun baya sai rawa suke kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yau.

Tsohuwar dangar gidan tana da wata kafa a kusurwar bayan rumbu. Ta nan Duna yake ratsawa ya shiga cikin sabara ya yi abin da zai yi, ya dawo, babu wanda ya taɓa ganin ko ɗigonsa. Da kaka ta yi, Sodangi ya rushe dangar ya kafa sabuwa da sabon kara, ya matse ta, ya ɗaure ta igiya uku, ya ce irin ta bariki ce, ko ɓera ba ya ratsawa. Gaskiyarsa, ɓera bai ratsa ba. Duna ma bai ratsa ba. Hanyar zaure kuwa ta yi wa tsoho nisa, ga dokin ƙofa mai tsawo da ƙafafunsa ba sa iya haurawa. Sai ya je kusurwar nan ya yi ta tono, ya yi ta kuka, in abin ya ci ƙarfinsa ya saki a nan. Wani lokaci ma ba ya kaiwa. Gindin turmi ya samu rabonsa, tabarmar Sodangi ta samu nata sau biyu.

Ana haka sai ga Malam Usmanu duba-gari, wanda aka turo daga Isa, ya shigo da kakinsa da ludayinsa na leƙa randa. Randa tas. Tsakar gida tas, Maijidda ta share ta zuba toka. Yana juyawa zai fita, takalminsa ya sauka kan wani sabon saƙo da Duna ya ajiye ko minti biyu ba a yi ba.

Malam Usmanu ya dubi takalmi, ya dubi kare.

"Maigida, kun ji dai an yi mahaukacin kare a Isa. An ba 'yan doka oda, duk karen da ka ɓata gari a ba shi nama mai magani. Ina dawowa ran kasuwa mai zuwa. In na iske ko ɗigo cikin gidanga, wanga tsoho ya ci naman ƙarshe."

Yana fita Maijidda ta zauna daɓas a kan turmi.

"Malam, kafar nan da kat toshe ita ta jawo. Buɗe mishi ita, magana ta ƙare."

"Wace kafa? Kin taɓa ganin dangar bariki da huji?"

"Ban taɓa ganin bariki ba."

"To ki yi shiru, wanda ya gani shina magana. Duk wanda yat taɓa min danga, ni da shi. Rashin horo na ga karenga. Karen Bature, in anka busa mishi usur, tashi shikai shi tahi wurinshi, shi yi, shi dawo shi hau kujera."

"Kujera?"

"Kujera hwa! Kwana bakwai sun yi min yawa. Za ni mai da Duna karen bariki, duba-gari da kainai sai ya tambaye ni sirrin."

Maijidda ta dubi Duna, ta dubi mijinta, ta rasa wanda za ta fi jin tausayi. Ta ce, "To."

Washegari Sodangi ya ɗauki galma ya haƙa rami a kusurwar bayan rumbu, tunda nan ne kare ya fi so. Rami har ƙugu. Ya gitta itace biyu a kai, ya yi masa ɗan kewaye da zana, ya ce wannan ita ce salgar Duna. Ya rataya usur a wuya, ya tsaya tsakar gida ya buɗe ƙirji, ya busa da duk iskar da Allah ya ba shi.

Duna yana kwance a inuwar rumbu, ko kunne bai motsa ba.

Amma unguwa ta motsa. A lokacin nan, in an ji usur, 'yan doka ne suka zo kwasar majiya ƙarfi aikin hanya. Maza suka watse. Wani ya faɗa rumbu, wani ya shige ƙarƙashin gadon uwarsa. Na'Allah wanzami, wanda gidansa ke manne da na Sodangi, kuma taubashinsa ne, yana cikin yi wa wani aski mutumin ya ƙwace ya ruga da rabin kai.

Da ƙura ta lafa, Na'Allah ya taka turmi ya leƙo ta saman danga, aska a hannu.

"Kai bawana, kai na? Ka kore min mutum da rabin gashi, ga shi can ya nuhi Tsamaye!"

"Wa ab bawanka? Horo nikai, sauka min daga danga."

"Horon wa? Karen da ko aradu ta faɗi ba shi ji? Busa mishi a wutsiya, wataƙila can kunnen ya koma."

Sodangi bai kula shi ba. Ya lura dai kare bai gane amfanin ramin ba, kuma a bariki, in mutum bai gane ba, gwada masa ake yi. Da la'asar ya ja Duna har bakin salga, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya tattare riga, ya hau itacen nan biyu ya tsuguna.

"Ka gani, Duna? Haka. Dubi ni nan. Haka akai."

Duna ya dube shi da idon nan nasa mai hazo, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya taka a hankali ya je kan takalman ya tsula musu fitsari, ɗaya bayan ɗaya, bai bar na hagu ya yi kishin na dama ba.

Sodangi ya ɗaga kai, sai ya ga kawuna shida jere a saman danga, na Na'Allah da na matan unguwa biyar.

"Sannu da ƙoƙari, Sodangi," in ji Na'Allah. "Kai dai ka iya, mun shaida. Saura ɗalibin."

Kwana biyu suka tafi a haka. Rana ta uku Sodangi ya tashi da sabuwar dabara. Ya ciro gajeren wandon kakin nan da yake ajiya cikin adaka kamar kayan gado, ya huda masa kafar wutsiya, ya zura wa Duna, ya ɗaure da igiya a ciki.

"In ba shi iya kai kainai salga," in ji shi, "to shi yi yawo da salgar tare da shi. Ƙasa dai ba ta ɓaci."

"Wa zai wanke?" in ji Maijidda.

"Wanki ai na mata na."

"Na share fitsarinshi don amanar babana. Wandon bariki kuwa sai ɗan bariki."

Ƙasa ba ta ɓaci ba, wannan gaskiya ne. Amma kafin azahar wando ya yi nauyi yana jan ƙasa, Duna yana tafiya da shi kamar mai ɗauke da tulu a baya, ƙudajen Gobir kaf suna yi masa rakiya. Duk inda ya zauna sai ya bar hatimi. Kafin wando, wuri guda ake sharewa. Bayan wando, gida duka.

Da rana tsaka aka ga Sodangi ya nufi gulbi, hannu guda riƙe da hanci, ɗayan riƙe da sanda mai tsawo, wando na reto a bakinta. Mata masu wanki suka tattara kayansu suka koma sama da shi.

"Sodangi, an samu ƙaruwa ne ba mu ji ba? Yaushe suna?"

"Jaririn ya cika ci, ku rage mishi tuwo!"

Ranar a masallaci an bar masa fili hagu da dama, wanda ko hakimi ba a bar masa irinsa.

Wani in ya sha wannan sai ya je ya zare kara biyar daga danga, kowa ya huta. Sodangi kuwa ya zauna zaure ya yi tunani, abin da bai kamata a bar shi ya riƙa yi ba. Ya ce ai tun farko a wurin fita yake ta fama, alhali daga ciki ya kamata a tare. Ya samo bagaruwa cikin ƙwarya, irin wadda majema ke jeme fata da ita, ya dafa ta har ruwan ya yi baƙi, ya dama da ɗan tuwo, ya riƙa ɗura wa Duna safe da yamma.

"Malam, wannan ai fata akan jeme da ita."

"Cikin kare mi na in ba fata ba?"

Rana ta huɗu, babu kashi. Rana ta biyar, babu. Fitsarin ma sai ɗan ɗigo, shi kuwa Sodangi yana bin sa da ƙasa a tafin hannu yana rufewa kafin kowa ya gani. Rana ta shida ya fita gari da usur a wuya, ya bi majalisa majalisa yana shela.

"Kwana ukku! Ko ƙwaya! Gobe duk mai son ganin aikin ilimi shi zo gidana. Wanda ke da tsoho mai ɓata shimfiɗa, kare ko mutum, shi kawo min."

Duna kuwa yana kwance, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ya daina cin abinci, sai nishi. Maijidda ta tsuguna ta taɓa cikin, ta ji yadda yake, ta tashi. Ran kasuwa da sassafe, Sodangi yana zaure yana naɗa rawani, ta jiƙa tsamiya mai kauri, ta narka man shanu a ciki, ta ɗaga kan Duna ta ba shi. Niyyarta in rana ta ɗan ɗaga ta ɗauke shi da kanta ta fitar da shi ta zaure zuwa cikin sabara.

Ba ta san irin taron da mijinta ya gayyato ba. Kafin hantsi zaure ya cika maƙil, babu wurin da mace za ta ratsa da kare a hannu. Sodangi ya shigo cikin babbar rigarsa ta aure, fara, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakiyar gida, ya kwantar da Duna a kai kamar ango. Ya ce maza su shigo, yau ba kulle. Mata suka hau turame suka jeru a saman danga.

Sai ga Malam Usmanu. Ya leƙa randa, ya leƙa madafa, ya zaga rumbu yana kallon inda yake taka ƙafa. Bai ga komai ba.

"To, maigida, gida ya yi tsabta. Ƙaƙa anka yi?"

Abin da Sodangi yake jira ke nan tun kwana bakwai. Ya gyara rawani, ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, aikin sani na. Lokacin da muna rangadi da Bature..."

Cikin Duna ya yi wata ƙara, doguwa, kamar hadari na tasowa daga gabas.

"Malam," in ji Maijidda daga bakin ɗaki.

"Ana magana da manya. Kamar yadda nike cewa, Bature da kainai yac ce min, Sodangi, kai kaɗai..."

"Malam, zo."

"Wai mi na?"

Ta matso ta rage murya, amma gidan ya yi tsit har Na'Allah da ke bakin zaure ya ji.

"Na ba shi tsamiya da man shanu tun da sahe."

"Kin ba shi mi?"

"Kai za ka kashe shi kahin 'yan doka su iso. Kwana ukku hwa, Malam. Yanzu duk suna tahe."

Cikin ya sake ƙara. Duna ya yunƙura ya miƙe, ƙafafun baya na karkarwa, wutsiya ta fara ɗagawa. Taku uku ne tsakaninsa da takalmin Malam Usmanu, kuma takalmin nan ne dai na wancan makon.

Sodangi ya manta da Bature. Ya sa usur a baki ya busa, don sabo, rabin mazan da ke tsakar gida suka zabura za su gudu. Ya sunkuya ya rungumi Duna a ƙirji ya kwasa da gudu zuwa salga yana ihu, "Riƙe! Riƙe, Duna, don girman Kalilu!"

"Ku ba da hanya!" in ji Na'Allah. "Ango ya ɗauki amarya!"

Mutum ba ya gudu da babbar riga da kare a hannu, wannan ko yaron goye ya sani. A bakin kewaye Sodangi ya taka gefen rigarsa. Ya yi tangaɗi, ya juya, ƙafarsa ta dama ta sauka tsakanin itacen nan biyu ta zurma cikin ramin da ya haƙa da hannunsa. Ya tafi da baya gaba ɗaya. Gindinsa ya daki danga, dangar bariki, mai igiya uku, wadda ko ɓera ba ya ratsawa. Kara ya ce ƙaras. Rabin Sodangi ya fita waje, rabi ya tsaya cikin gida, ƙafa guda a rami, ƙafa guda tana kallon sama.

Duna ya sauka a kan cikinsa. Ya ɗaga hanci, ya shaƙi iskar da ke shigowa ta gefen haƙarƙarin Sodangi, ya gane ta. Nan ne dai, kusurwarsa ta shekara da shekaru. Ya taka ƙirjin Sodangi, ya taka rawani, ya matsa ta gefe ya fice. Matan da ke kan danga suka juya gaba ɗaya suna ba da labari.

"Ya kai sabara!"

"Ya tsuguna!"

"Wayyo, bawan Allah, ashe haka yake ɗauke da kaya!"

"Har yanzu bai gama ba!"

An daɗe. Sannan sai ga Duna ya dawo ta hanyar da ya fita, ya sake taka Sodangi, ya zo ya kwanta a ƙafar Maijidda ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke dami.

Malam Usmanu ya zaga tsakar gida sau ɗaya. Ko ɗigo babu a ƙasa. Ɗan abin da ya kuɓuce wa Duna a hanya, farar riga ta tare shi duka, daga wuya har aljihu.

"Karenga ba shi da laihi," in ji shi. "Ya san wurinshi ya hi wasu mutane. Shi zauna. Amma wanga rami, kusa da rumbun hatsi, buɗe, wa ya haƙa shi?"

Kawuna dai suka juya wuri guda.

"A cike shi yau. Kafar nan kuwa kada a kuskura a toshe ta. Da an yi ta tun farko da ban ɓata takalmina ba. Dabarar wa ta?"

Daga cikin danga, murya ta fito a shaƙe.

"Tawa ta, ranka shi daɗe. Haka akai a bariki."

"Ni dai ban taɓa mishi danga ba," in ji Maijidda, "kowa ya shaida."

Mutum huɗu suka jawo shi, Na'Allah yana riƙe da ƙafar da ke sama yana cewa a yi a hankali kada a lalata ma'aunin, wasu ma za su so a yi musu irin ƙofar.

Da yamma Sodangi ya cike ramin, shi kaɗai, ba usur. Maijidda ta gyara bakin kafar, ta ɗebo yashin gulbi ta zuba kusa da ita, ta mai da makwancin Duna nan, taku biyu daga waje. Ta riƙa ba shi tuwo mai laushi da safe, ta rage masa na yamma. Ranar da tsufa ya riga shi, ta kwashe yashin ta zuba sabo, ba ta tara unguwa ba. Duna ya ƙara shekara biyu, ya mutu a kan yashinsa da cikinsa a sake, babu ɗan dokan da ya taɓa shi.

Rigar kuwa ba ta sake fari ba. Har Sodangi ya tsufa, in baƙo ya zo, sai ya kai shi bayan rumbu ya nuna masa kafar, ya ce shi ya auna ta da kansa. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Labari ya ƙare. Ku tashi, wani ya je ya duba min ko an ba kare ruwa.